Yadda Ake Sayen Babur Na Hannu Ba Tare Da An Sayi Rigima Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin mutane da yawa. Boxer da a da ake saye da 'yan dubban ɗaruruwa yanzu ya haura miliyan ɗaya. Shi ya sa tambaya iri ɗaya take ta zuwa daga masu karatu: in sayi na hannu ne, ko in ƙara haƙuri in tara kuɗin sabo? In kuma na hannun ne, me zan duba?

Ga matakan nan a jere, kuma jerin yana da muhimmanci. Yawancin masu saye da inji suke farawa, su tayar, su murza totur, su ji ƙara ta yi musu daɗi, sai can a ƙarshe su tambayi takarda, bayan zuciya ta riga ta kwanta da babur ɗin. Juya abin ya kamata a yi. Inji komai lalacewarsa kuɗi na gyara shi, amma babur ɗin sata babu bakaniken da zai gyara maka.

1. Auna ribar da hasarar kafin ka fita

Ribar na hannu a fili take. Mai sabo shi ne ya ɗauki faɗuwar farashi, domin ranar da babur ya fita daga shago aka sa masa lamba, ya riga ya rage daraja ko da ledar na jikinsa. Kai kuma in ka saya da kyau, ka hau shekara guda, kana iya sayarwa kusa da yadda ka saya. Ba ka shiga bashin biya kaɗan-kaɗan wanda ake ɗora wa riba mai nauyi. Ɓarawo ma ya fi sa ido a kan mai sheƙi. Sannan tsohon babur na asali da aka kula da shi sau da yawa ya fi sabo mai araha wanda ba a san kamfaninsa ba ƙarko.

Hasarar kuwa ɓoye take. Ba ka san irin man da aka riƙa zuba masa ba, ba ka san sau nawa ya faɗi ba, babu garanti, kuma abin da ya lalace gobe aljihunka ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: babur na hannu sai ya ci kuɗin gyara, abin da ake nema shi ne a san yawansa tun kafin a biya.

Abin da zai raba maka gardama shi ne aikin da za ka sa shi. Ma'aikaci, ɗalibi ko mai shago da zai yi tafiyar kilomita 15 zuwa 30 a rana, na hannu mai kyau ya ishe shi, sayen sabo ma kusan ɓarnar jari ce. Mai acaba ko mai kai saƙo da zai wuni a kan titi lissafinsa daban ne, domin duk ranar da babur ya kwana gareji ya yi hasara biyu, kuɗin gyara da cinikin ranar. Irin wannan, in zai iya kaiwa ga sabo, ya kai. In ba zai iya ba, ya nemi wanda bai wuce shekara biyu ba kuma ba a taɓa sauke injinsa ba.

Gargaɗi: tabbatar da dokar garinku kafin ka sayi babur don haya. Kano ta hana acaba tun Janairun 2013, jihohi da dama kuma suna da dokar hana hawa babur da dare ko a wasu ƙananan hukumomi saboda tsaro. A Nijar ma an yi irin wannan hani a yankunan Diffa da Tillaberi.

2. Yi lissafin kuɗin gaba ɗaya

Farashin da mai babur ya faɗa ba shi ne kuɗin babur ba. Ɗauki biro ka haɗa waɗannan: kuɗin saye, la'adar dillali, sallamar bakaniken da zai duba maka, sauya takardu zuwa sunanka, inshora, sabis na farko, da gyaran da aka gano. Sai ka kwatanta jimillar da kuɗin sabo irinsa a yau, wanda za ka tambaya a shago biyu ko uku da bakinka.

Misali, a ce sabo naira 1,300,000 ne, na hannun kuma an sallama maka a 800,000. Tayoyi biyu, sarƙa da siraket, batir, shu na birki da sabis su ci 130,000. La'ada, bakanike da takardu su ci 50,000. Ka tashi a 980,000, wato kashi 75 cikin 100 na kuɗin sabo. Wannan ciniki ne mai ma'ana. Amma in ga haka kuma sai an sauke inji, jimillar za ta haye kashi 85, ka ga babu dalilin ɗaukar tsohon kaya da rashin tabbas a kan ɗan abin da ya rage. A ganina, duk lokacin da lissafi ya wuce kashi 80, a haƙura a ƙara tari.

Kada ka kashe duk abin da ke hannunka wajen saye. Ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin ka ajiye don makonnin farko.

3. Zaɓi samfuri, ka san rayuwar da babur ɗin ya yi

Sayi irin wanda bakaniken unguwarku ya sani kuma kayan gyaransa suke a kowane shago. Bajaj Boxer, TVS, Honda, Haojue, Jincheng da irin roba-roban da ake hawa a cikin gari duk kayansu ba sa wahala. Babban babur ɗan Japan da aka shigo da shi kwance yana da kyan gani, amma ƙaramin abu in ya lalace sai a yi wata ana nema.

Bayan samfuri, tambayi wa ya hau shi. Babur ɗin gida, wanda mutum ɗaya ya riƙa zuwa aiki da shi, shi ne na farko a daraja. Na acaba shekararsa ɗaya ta kai uku ta na gida, kuma lamba mai jan rubutu alama ce ta haya, mai shuɗin rubutu ta masu zaman kansu. Na ƙauye da ya sha buhunan hatsi da jarkoki, injinsa yana iya zama lafiya amma shasi da shoka sun gaji. Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne haɗe-haɗe: shasin wannan, injin wancan, tankin wani, an fesa fenti an manna sabuwar sitika.

Mafi aminci ka saya a hannun mai shi, wanda ka san gidansa ko wurin aikinsa. Na biyu, kasuwar babura mai shugabanci, inda ake rubuta kowane ciniki a littafin ƙungiya. Wanda aka tallata a Facebook ko WhatsApp babu laifi a je a gani, amma kada a tura ko sisi kafin a gani, kuma a haɗu da rana a wurin jama'a.

4. Abin da za ka tafi da shi

Bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba. Tocila, farin tsumma, sifanar fulogi, ɗan ƙaramin mitan auna wuta in bakaniken yana da shi, igiya mai tsawon mita 4 ko 5, lita ɗaya ta fetur, da waya mai caji don ɗaukar hoto. Ka sa lokaci da safe, kuma ka gaya wa mai babur tun daren jiya kada ya tayar da shi kafin ku zo.

5. Takardu da lambobi, kafin a taɓa makulli

Nemi rasit na asali daga shagon da aka fara sayen babur ɗin, mai ɗauke da lambar inji da lambar shasi. In an yi masa rajista, nemi takardar mallaka, lasisin abin hawa da takardar inshora. In ya bi hannu biyu ko uku, kowane hannu ya zama da takardar cinikinsa, ta yadda za ka bi sawu daga shago har zuwa wanda ke tsaye gabanka. A Nijar, nemi carte grise, wato katin rajistar abin hawa, da takardar duwan, wato kwastam.

Sai ka tsuguna ka duba ƙarfen da idonka. Lambar shasi tana wuyan babur, inda kai yake juyawa, haruffa da lambobi 17. Lambar inji tana jikin inji ta hagu, kusa da giya. Goge su da tsumma da ɗan fetur, haska tocila, ka karanta ɗaya bayan ɗaya bakanike yana bin takarda. Lambar shasin Bajaj tana farawa da MD2, ta TVS da MD6, na ƙasar Sin kuma da harafin L. Bugun kamfani a layi ɗaya yake, zurfinsa ɗaya, tazararsa ɗaya. In ka ga wurin ya yi santsi ko ya lotsa kamar an goga da injin niƙa ƙarfe, ko an shafa sabon fenti a nan kaɗai, ko wani harafi ya karkace, ka miƙe ka yi sallama. Babu bayanin da ya kamata ka tsaya saurara.

Duba lambar rajista a shafin tantance lamba na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, ka ga ko ta dace da samfurin babur ɗin. Sunan da ke takarda ya dace da katin shaidar mai sayarwa. In ya ce na yayansa ne ko na maigidansa, a kira mai shi ya zo, ko ku je ku same shi.

Akwai babura iri uku da ba na sata ba ne amma rigimarsu ɗaya da ta sata. Na farko, wanda aka ba mutum yana kawo balas bai gama biya ba, rasit na asali yana wurin mai kuɗin, shi kuma ya kawo maka kwafi. Na biyu, na gado da ba a raba ba. Na uku, wanda aka jinginar a wurin wani. Yawanci alamarsu ɗaya: babu rasit na asali, kuma ana gaggawa.

In aka ce rasit ya ɓata, abin da zai maye gurbinsa shi ne takardar rantsuwa ta kotu da rahoton 'yan sanda, da sunan mai shi, tare da shaidar mai unguwa ko shagon da ya sayar. Duk da haka farashi ya sauka sosai, domin kai ma haka za ka sha wahalar sayarwa.

Gargaɗi: karɓar kayan sata laifi ne mai ɗauri, kuma "ban sani ba" ba ya hana a tsare mutum a ƙwace babur. Hukumomi suna sa ido a kan wannan ciniki saboda 'yan bindiga da babura suke aiki. A 2021 gwamnatin Katsina har hana sayar da baburan hannu ta yi a kasuwar Charanchi. Makulli ɗaya tak, ko gidan makulli sabo fil a jikin tsohon babur, ko makullin tanki daban da na tayarwa, duk abin tambaya ne.

6. Inji, tun yana sanyi

Fara da ɗora bayan hannunka a jikin inji. In da ɗumi, an tayar kafin ka zo, kuma zafi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar safiya. Ka jira ya huce ko ka dawo gobe.

Zaro sandar auna baƙin mai ka goge a farin tsumma. Mai launin zuma ko ruwan ƙasa lafiya ne. Baƙi ƙirin mai ƙauri yana nuna ba a juye da wuri. In ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, wani abu na cinyewa. In ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. In kuma ya yi kauri ƙwarai yana jan zare tsakanin yatsu, mai yiwuwa an zuba mai kauri ne don a danne ƙara da hayaƙi, dabara ce tsohuwa.

Kwance fulogi. Bakinsa in ya yi ja-ja a bushe, ƙonewa daidai take. Baƙin toka a bushe, kafireta na ba da mai fiye da kima, gyara ne mai sauƙi. Baƙi mai maiƙo, inji na shan baƙin mai, ringi ko bawul sun tafi. Fulogi sabo dal ba ya gaya maka komai, sai ka sake kwance shi bayan gwajin hawa.

Duba kan notunan inji. In sifana ta cinye gefensu, ko ka ga gam ya ɓullo ta bakin gasket, an taɓa buɗewa. Buɗe inji ba aibi ba ne in an faɗa maka gaskiya. Tambayi me aka canza, kuma fistin ɗin wane lamba ne. Ana faɗaɗa ramin bulok, inda fistin yake, mataki-mataki: milimita 0.25, 0.50, 0.75 zuwa 1.00. Wanda ya kai ƙarshe, gyara na gaba sabon bulok ne.

Taka kik a hankali da ƙafa ba tare da ka kunna ba. Ya kamata ka ji ya cije a wani wuri. In ya sulale ƙasa babu tirjiya, matsin inji ya yi rauni. Yanzu kunna. Lafiyayyen inji yana tashi a bugu ɗaya zuwa uku, ya zauna a silo ba sai an riƙe totur ba. Wasu suna ɗaga silo don kada ya mutu, saboda haka bakanike ya sauke shi ku ji.

Saurari ƙara. Ɗan "cik-cik" a saman inji yawanci tafet ne, saiti kawai yake so. Ƙarar sarƙa mai karkarwa a gefe, taimin cen ne, kuɗinsa matsakaici, kuma irin injin CG ba shi da wannan sarƙar sam. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in an murza totur, kwanrod ne ko boris ɗin karanshaf. Wannan sauke inji ne gaba ɗaya.

Koma bayan salansa, a murza totur a saki. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Ɗan farin tururi da sanyin safiya wanda ke ɗaukewa cikin minti biyu ba komai ba ne. Tsofaffin babura masu shan mai gauraye, irin AX100, hayaƙi ɗabi'arsu ce, kada a auna su da wannan ma'auni.

Gargaɗi: inji da aka wanke fes har yana ƙyalli ba shaidar lafiya ba ce. Wanki yana share sawun yoyo. Za ka gane gaskiyarsa a mataki na 9.

7. Shasi, ƙafafu da birki

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ne ya shafi rai. Cire kujera da murafun gefe, in mai shi ya yarda a ɗaga tanki. Haska wuyan babur, ƙarƙashin tanki, mazaunin inji da ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera. Waldar kamfani a jere take sumul. Waldar bakin titi tana da ƙulu-ƙulu da baƙin ƙuna. Walda a kariya ko matakin ƙafa ba matsala. Walda a wuya ko ƙashin bayan shasi kuwa, a bar babur ɗin komai arahar sa.

Kafe shi a babban sitan, miƙe kai, ka zagaya igiya daga tayar baya zuwa ta gaba ta ɓangarorin biyu. Tazarar igiya da tayar gaba ta zama ɗaya hagu da dama. In ta bambanta kuma saitin tayar baya daidai ne, shasi ya murɗe, kuma irin wannan babur har abada zai riƙa cin taya gefe ɗaya yana ja.

Ɗaga gaba, juya kai hagu da dama. In yana maƙalewa a tsakiya, ko ka ja shoka gaba da baya ka ji "ƙwas", boris ɗin wuya ya tafi. Shafa ƙarfen shokar gaba: maiƙo na nufin sil ya fashe, tsatsa ko lanƙwasa na nufin sai an canza. Danna baya da ƙarfi ka saki, ya dawo sau ɗaya ya tsaya. Kama kowace taya ka girgiza gefe da gefe, kada ta yi wasa. Juya ta ka kalli rim ko yana rawa, ka bi sifok da sifana, wanda ya saki ƙararsa a mace take.

Sarƙa ta yi wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Ja ta baya daga jikin siraket, in har ka hango rabin haƙori, ta miƙe. Haƙoran siraket in sun yi tsini ko sun lanƙwashe, su ma sun gama. Sarƙa da siraket biyu tare ake canza su, in ka sa sabuwa a kan tsoho da wuri za ta lalace.

A jikin taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Wadda ta wuce shekara biyar, ko gefenta ya tsattsage, a lissafa ta cikin abin canzawa ko da zanenta bai cinye ba. A birki kuma, in notin saiti ya kai ƙarshen zarensa, shu ya ƙare. Leƙa cikin tanki da tocila, tsatsa a ciki ita ce ke toshe kafireta kullum.

Kada ka dogara da mitar ƙirga kilomita, ana mayar da ita baya ko a cire wayar. Robar matakin ƙafa, robar hannu da bakin giya sun fi ta faɗin gaskiya.

8. Wuta

Gwada fitilar gaba sama da ƙasa, sigina huɗu, fitilar birki ta hannu da ta ƙafa, hon da sitata. A mitan auna wuta, batir ya nuna volt 12.4 zuwa 12.7 in babur yana kashe, in an tayar an ɗan murza ya hau 13.5 zuwa 14.5. In bai hau ba, ba ya caji, sabon batir ma zai mutu. Wayarin da aka yayyanka aka naɗe da salatif ko'ina, a sa kuɗin sabo a lissafi.

9. Hau shi aƙalla minti 15

Zagaye ɗaya a layi ba gwaji ba ne. Bar katin shaidarka ko bakanikenka a wurin mai shi, ka sa hular kwano, ka nemi hanya mai kwalta da gargada da ɗan hawa. Shiga kowace giya, ka ja, ka saki totur. Giyar da ke fita da kanta ta koma firi aikin cikin inji ce. A babbar giya kana tafiya a hankali, murza totur gaba ɗaya: in ƙara ta tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. A miƙaƙƙiyar hanya da babu kowa, sassauta riƙon kai kaɗan ba tare da ka saki ba, ka ji ko yana ja gefe. Taka birkin baya shi kaɗai, sannan na gaba shi kaɗai. Sai ka ɗauki bakanike a baya ku hau tudu, rauni a nan yake fitowa.

Da kun dawo, kashe shi, ka kafe a busasshiyar ƙasa minti goma. Leƙa ƙasa da jikin inji ko mai ya tsattsafo. Sake tayarwa da zafinsa, domin wani babur yana tashi da sanyi amma ya ƙi da zafi, alamar koyil ko bawul. Sake duba hayaƙi da fulogi.

10. Ciniki

Koma gefe da bakanike ku rubuta duk abin da aka gano da kuɗinsa a kasuwar yau. Da wannan takarda za ka yi tayi, kana nuna wa mai shi abu ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kushe kayansa ba. In ya ce albarka, ka ƙara abin da lissafinka na mataki na 2 ya yarda, ka tsaya nan. A yanke maganar la'ada tun farko, nawa ce kuma wa zai biya, kuma ka ji farashi daga bakin mai babur da kunnenka. "Wani na zuwa da kuɗi yanzu" magana ce da ake faɗa wa kowa. Farashin da ya faɗi ƙasa da kasuwa sosai kuwa dalili ne na komawa mataki na 5.

11. Rubuta yarjejeniya, sannan ka biya

Ko ɗan uwanka ne, a rubuta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaidu a ciniki, kuma rubutun yana kare zumuncin ne. Takardar ta ƙunshi kwanan wata da lokaci, cikakken suna, adireshi, lambar waya da lambar NIN ta mai sayarwa da mai saye, samfuri da launi, lambar inji, lambar shasi, lambar rajista, farashi da lambobi da kuma kalmomi, da jerin takardu da makullan da aka miƙa. A sa jumla cewa mai sayarwa ya tabbatar babur nasa ne, babu bashi ko jingina a kansa, kuma shi ke da alhakin duk abin da ya faru da shi kafin wannan lokaci. Shaidu biyu kowane ɓangare, sa hannu da dangwale, sannan hatimin mai unguwa ko shugaban kasuwa. Kwafi biyu.

In za ka samu, nemi sharaɗin kwana biyu ko uku na gwaji, a rubuta cewa in wani aibin inji da aka ɓoye ya bayyana za a mayar da kuɗi. Mai gaskiya ba kasafai yake ƙin wannan ba.

Biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa, ka rubuta lambar shasi a bayanin tiransifa. Ɗauki hotonsa tsaye da babur ɗin, da hoton katinsa da na lambobin biyu.

Gargaɗi: kada ka ba da kafin alƙalami ba rubutu, kada kuma ka biya duka a kan alkawarin "gobe zan kawo rasit". Riƙe wani kaso har takarda ta zo hannu.

12. Mayar da shi sunanka

Cikin mako guda ka je ofishin lasisin ababen hawa na hukumar tattara haraji ta jiharku da yarjejeniya, tsoffin takardu, katin shaidarka da hotuna, a yi rajista da sunanka. Ka shiga ofis da ƙafarka ka karɓi rasit, domin takardun bogi a bakin ƙofa ake sayar da su. Inshorar da doka ta wajabta wa babur an ƙayyade ta a naira 3,000 tun farkon 2023, kuma ana tantance sahihancinta a NIID, wato rumbun bayanan inshora na Najeriya. Wanda ya bar babur da sunan tsohon mai shi, ranar da aka sace ko aka kama, sai ya nemo mutumin kafin a saurare shi. Ajiye na asali a gida, ka riƙa yawo da kwafi.

13. Makon farko

Ko an ce jiya aka yi sabis, sake yi. Juye baƙin mai da zafinsa ka zuba wanda kamfani ya rubuta, yawancin ƙananan baburan nan 20W50 suke sha, kusan lita ɗaya. A wanke ragar tace mai, kafireta da soson iska, a sa sabon fulogi, a saita tafet, a ɗaure notuna, a shafa wa sarƙa mai. Cikin gyare-gyaren da ka lissafa, fara da birki da taya, kwalliya ta jira. Canza gidan makulli, domin ba ka san kwafi nawa ke yawo ba, ka ƙara da kwaɗo ko sarƙa mai kauri.

Sai ka auna shan mai: cika tanki, rubuta mita ko ka auna tafiyar da waya, ka sake cikawa bayan kwana uku, ka raba kilomita da lita. Lafiyayyen babur mai inji 100 zuwa 125 yana yin kilomita 40 zuwa sama da lita ɗaya a cikin gari. In naka bai kai 30 ba bayan sabis, a koma kan kafireta da matsin inji. Kowace safiya kuma ka duba sandar baƙin mai har ka yi kilomita 500. In yana raguwa alhali babu ɗigo a ƙasa, ƙonewa yake, kuma gara a canza ringi yanzu da a jira inji ya buga a hanya.